Yadda Za A Gyara Tukunyar Makaranta Ko Da Kuɗin Bai Ƙaru Ba

Wannan magana ce tsakanina da hedimastoci, da 'yan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da iyayen yara na PTA, da masu makarantun kuɗi da Islamiyyun da ke ba yara abinci, uwa uba kuma su Iya masu girki tunda ludayin a hannunsu yake. Abin da nake so mu fara yarda da shi shi ne cika ciki daban, gina jiki daban. Yaro zai ci farar shinkafa da ɗan jan ruwa a sama har ya yi gyatsa, ya fita ya yi ta tsalle-tsalle, amma jini bai ƙaru ba, tsawo bai ƙaru ba, nan da awa biyu kuma ka gan shi ya kifa kai a benci yana hamma. Abin haushin kuma, yawancin abin da zai gyara tukunyar nan yana nan a kasuwar garin da makarantar take, wani ma a bayan katanga yake ya fito da kansa ba wanda ya shuka shi.

Don kar a ce surutu ne kawai, binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kai kashi 57, sannan kashi 68 na ƙananan yaran ƙasar suna da ƙarancin jini. To waɗannan yaran dai su ne suka tasa suka shigo mana aji. Gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan aji 1 zuwa 3 a 2016 a kan naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka mai da ita 100, a farkon 2024 kuma aka dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Kowa ya san naira 100 yanzu ko ƙwai ɗaya ba za ta saya ba, don haka maganar kuɗi kam matsala ce babba, ba mai musu. Amma ko nawa ne ya shigo, na gwamnatin jiha ne ko na iyaye ko na wani bawan Allah da ya ɗau nauyi, akwai yadda za a juya shi ya fi amfanar yaron.

A fara da sikeli

Na san za a ce ana maganar abinci wannan yana maganar sikeli, to amma duk kicin ɗin da ake girki da ƙiyasi da "ai na saba", a kan yara abin yake ƙarewa. Kwano a Kano, tiya a Katsina, mudu a wani wurin, kowanne da girmansa, a kasuwa ɗaya ma sai ka samu an bubbuge gindin wani ya rage ci. A ari sikeli ko na mai shago ne, a auna kwanon da kicin ɗinku ke aiki da shi sau ɗaya, a san kilo nawa yake ɗauka na shinkafa, nawa na wake, nawa na gero, shi ke nan an huta.

Awon da masu harkar ciyar da makarantu suka saba bi ga ɗan firamare a ci ɗaya shi ne hatsi gram 120 zuwa 150 ɗanye kafin a dafa, wake gram 30 zuwa 40, mai gram 10, gishiri kamar gram 3. Wannan zai ba shi wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke nema a yini. In yara 100 ne ke nan shinkafa kilo 12, wake kilo 4, mai lita 1 da 'yar ɗoriya, gishiri gram 300. A rubuta wannan da fenti a bangon kicin yadda kowa zai gani, har uwar da ta leƙo wucewa. Sannan kar a yi girki da rajista, a ƙirga kawunan da suka zo da safe bayan asambuli, monita ya kai lambar kicin. Rajista takan ce 80 alhali 55 ne a aji, ranar kasuwa ma ba su kai haka ba, wata ranar kuma ta ce 80 sai ga 110 saboda ƙanne sun biyo yayye. In ba a ƙirga ba, ko dai abinci ya yi saura ya bi wata hanya, ko a ƙara ruwa a miya.

Wake, wake, sannan wake

In da za a ce in zaɓi gyara ɗaya tak in bar sauran, to wake zan ce. A gram 100 na farar shinkafa furotin ɗin da ke ciki, wato sinadarin gina jiki, wajen gram 7 ne, a wake ya haura 20, a waken suya kuwa ya haura 35. Ga shi abin da hatsi ya rasa na ginin jiki wake na da shi, abin da wake ya rasa hatsi na da shi, shi ya sa haɗa su a kwano ɗaya ya fi a ci kowanne shi kaɗai. Iyayenmu da suka ƙirƙiro garau-garau da ɗan wake da tuwo da miyar wake ba su karanta wannan a littafi ba amma sun dace. Matsalar ita ce a makaranta sai a ce yau garau-garau ne, amma sai yaro ya tona ya tona kafin ya ga ƙwayar wake ɗaya. Mafi ƙaranci dai kwano 3 na shinkafa kwano 1 na wake, in da hali a yi 2 da 1. In kuɗi ya matse, shinkafar za a rage, a bar waken yadda yake.

Iya mai girki, don Allah a jiƙa waken tun dare, da safe a zubar da ruwan a sake sabo. Zai fi saurin nuna, itace ya ragu, kumburin cikin da yara ke kuka da shi ya yi sauƙi, jiki kuma ya fi samun sinadarin ƙarfen da ke ciki, wanda shi ne ke ƙara jini. Abin da aka saba shi ne a zabga kanwa don ya yi laushi da wuri, ita kuwa kanwa in ta yi yawa tana kashe wasu bitamin na rukunin B, ga ta tana sa wasu yaran gudawa. Ɗan wake dai dole sai da ita, a sa kaɗan, amma dafa wake ba ya buƙatarta in an jiƙa.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka raina gero da dawa, kamar in ba shinkafa aka dafa ba ba a ci abinci ba. Gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma a gonakinmu yake. Dambun gero ko na masara da zogale da ƙuli, faten tsaki da wake da yakuwa, biskin gero, duk abinci ne da yara suka sani a gida, ba sai an lallashe su ba. A Nijar ma tun 2018 aka fitar da wani irin gero mai suna Chakti wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta samar, an ƙara masa yawan sinadarin ƙarfe ta hanyar zaɓen iri, haka nan akwai masara mai ruwan lemo da dankalin Hausa mai jan ciki waɗanda ke da bitamin A. In akwai malamin gona a yankinku a tambaye shi ko ana samu, in manoman garin suka shuka to makaranta ta zama kasuwarsu ta farko.

Waken suya kuwa shi ne naman talaka na gaskiya, sai dai yana da sharaɗi, ba a cin sa da ɗanye-ɗanye, sai an soya shi ko an dafa sosai, in ba haka ba ciki ba zai narka shi yadda ya kamata ba. Hanya mafi sauƙi ga makaranta ita ce garin kunun nan da ake kira Tom Brown, yadda aka saba haɗawa shi ne awo 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a gauraya su, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, a murje ɓawon waken suyan da na gyaɗar a fece, a kai inji. A dama shi da kauri, kaurin da in an ɗaga ludayi zai sauko a hankali, don kunu tsululu ruwa ne kawai yaro ya cika ciki da shi. Lokacin sanyi wannan kunun da ƙosai biyu uku ya fi komai karɓuwa. Awara ma haka, yara ba sa ƙin ta, kusan kowace unguwa akwai matar da ta iya, a ba ta kwangilar kwana ɗaya a mako, dusar da ta rage bayan an tace kuma kar a ba akuya duka, ana zuba ta a ƙullun ƙosai ko a dambu.

Gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna da kyau ƙwarai, garin ƙuli cokali ɗaya a kan dambu ko kwaɗo ba ƙaramin ƙari ba ne. Amma a nan sai an buɗe ido, gyaɗa da masarar da suka sha danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar da ake kira aflatoksin, tana lalata hanta, tana da hannu a tsumburewar yara, kuma wuta ba ta kashe ta, ko an soya ko an dafa tana nan. To ɗan kwangila in yana neman sauƙi wace gyaɗa zai sayo? Wadda aka tsince aka ware, mai araha. Duk ƙwayar da ta motse, ko ta yi baƙi, ko take ɗaci, a zubar, kar a ce asara ce.

Ganye da manja

Miyar makaranta yawanci ruwa ce da magi da ɗan tumatirin leda. Alhali ga zogale, ga alayyahu, ga rama, ga yakuwa, ga tafasa da damina ko'ina, ga kuka da kuɓewa busassu da rani. Ƙa'idar da zan bayar mai sauƙi ce, kar a sauke tukunya ba kore a ciki, kowace rana. Ko dafa-duka ce a yanka alayyahu a zuba, ko wake da shinkafa ne a ɗora dafaffen zogale a gefe. A wanke ganyen kafin a yanka, in aka yanka sannan aka wanke amfanin yana bin ruwa, kuma a zuba shi a ƙarshe saura minti biyar a sauke, ba a bar shi yana tafarfasa tun safe har ya koma baƙi ba. In za a busar da zogale don rani a shanya a inuwa cikin ɗaki mai iska, rana tana cinye bitamin ɗin, sai a daka a ajiye a mazubi mai murfi, ana barbaɗa garin a miya ko a kunu.

Manja shi ma ana yi masa kisan gilla a kicin. Jan nan nasa shi ne amfaninsa, shi jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi da yawan laulayi. Sai a ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari wai don a kashe gafi, to an ƙone abin da ake nema ke nan. A narka shi kawai da albasa a ƙaramar wuta. Kabewa da karas ma aikinsu ɗaya da shi, kabewa guda babba za ta ba miyar yara da yawa kauri da zaƙi, ta kuma rage kuɗin tumatir lokacin da ya yi tsada da damina. Kuma su waɗannan sai da ɗan maiƙo jiki ke iya ɗaukar amfaninsu, shi ya sa gram 10 ɗin nan na mai ba abin wasa ba ne, nan ne kuma aka fi yin ƙwange.

Sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da gero da ganye jiki ba ya zuƙarsa da kyau sai an haɗa da abu mai bitamin C. Ba wani abu mai tsada ba ne, ɓarin lemo, ko goba ɗaya, ko mangwaro lokacin da yake zuba a ƙasa, ko a matsa lemon tsami a kwaɗo, ko ɗanyen tumatir a kan garau-garau. Garin 'ya'yan kuka da ake kwalba da nono da shi ma yana da shi sosai. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare sinadarin, don haka makarantun da ke ba da shayi da burodi su raba shi da lokacin cin wake da ko awa ɗaya ne.

Ƙwai ko sau ɗaya a mako ne a yi ƙoƙari, kuma shawarata a dafa shi a miƙa wa kowane yaro da ɓawonsa a hannu, don ƙwan da aka fasa a cikin miya ba mai iya ƙirga shi, 30 sai ya zama 100 a takarda. Nama in an ce za a sa yawanci ƙarya ake wa juna, tsoka ɗaya ce za ta yi ta yawo a tukunya. Gara a sayi busasshen ƙananan kifi a gyara a daka shi har ƙayarsa ya zama gari a zuba a miya, kowane ludayi ya samu rabonsa, ƙayar kuma tana ƙarfafa ƙashi. A dai shinshina a duba, don akwai masu fesa wa banda maganin ƙwari. Daddawa ma a daina ganin ta kamar kayan ƙamshi kawai, ita ma tana da furotin, in ta ji a miya magin da za a sa ya ragu. Inda ake kusa da rugar Fulani, kindirmo da aka dafa madararsa ya fi duk wani lemon kwali.

Tunda na ambaci lemon kwali, bari in faɗa, biskit da lemon kwali ba abincin makaranta ba ne, sukari ne da fulawa, ɗan kwangila yana son su ne don ba wuta ba wanke-wanke kuma suna kyau a hoto. Abin da za a saya a kanti a kula da shi biyu ne. Gishiri ya zama na leda mai aidin, wanda ke kare yara daga maƙoƙo da daƙushewar ƙwaƙwalwa, a rufe shi kar ya sha iska da danshi. Mai kuma a sayi na galan mai rufi da lambar NAFDAC da tambarin idon nan da ke nuna an sa bitamin A, tun 2002 doka ta wajabta sa shi a man girki da sukari da fulawa, amma man da ake aunawa a kwalba yana shan rana a bakin titi ba ka da tabbas a kansa.

Ga misalin mako ɗaya, ba wai dole sai shi ba. Litinin garau-garau da manja da ɗanyen tumatir da albasa. Talata dambu da zogale da garin ƙuli. Laraba dafa-duka da alayyahu da garin kifi, a ɗora ƙwai. Alhamis faten wake da dankali ko da kabewa. Juma'a da yake ana tashi da wuri kunun Tom Brown da awara ko alale, abin da ba ya ɗaukar lokaci wajen rabo. A riƙa sauyawa da abin da ya yi araha a kasuwa, lokacin sanyi kayan lambu na fadama sun faɗo a ci karas da kabeji da tumatir, da damina a koma ganyen da ke fitowa kyauta. Kafin a kafe jadawali a tambayi yaran, sannan a riƙa leƙa kwanukansu bayan sun gama, abin da suka bari shi zai gaya muku gaskiya.

Lokaci da rabo

Yara da yawa ba sa karyawa kafin su fito, wani ko kuɗin tara ba a ba shi ba, da ruwan ciki kuwa ake jan na rijiya. Abincin da aka kawo ƙarfe goma sha biyu da rabi ya yi wa karatun ranar latti, an riga an yi lissafi da Turanci da yunwa. A yi ƙoƙari ya iso lokacin tara, kafin ƙarfe goma. Akwai kuma amfani na biyu, in an ci da wuri za a gane masu zuwa don abinci kawai su sulale, sai a sake kiran suna bayan tara.

Wajen rabo a samu ludayi ɗaya da aka auna aka san cikinsa, kowa a zuba masa da shi, kowane yaro da kwanonsa. Tire ɗaya yara biyar ba adalci ba ne, mai saurin hannu da babban yaro su ke cinyewa, ƙaramin da aka fi so ya samu shi ke tashi da yunwa. A fara da 'yan aji ɗaya. Malamin aji ya zauna har su gama, don akwai yaran da ke juyewa a leda su kai wa ƙanne gida, abin tausayi ne wallahi kuma ba abin duka ba ne, amma a lallaɓa shi ya ci ko rabi ne a gaban malam, a kuma sanar da kwamiti halin gidan.

Makarantun kwana nasu ya fi tsanani don yaro ba shi da wata tukunyar sai wannan, sau uku a rana wata uku. Duk wanda ya yi bodin ya san gabza da miyar kuka tsululu da kokon safe da ba komai cikinsa sai ruwa. Gyaran bai da wuya, a zuba garin waken suya soyayye a cikin garin koko da na tuwo, kamar awo 1 cikin 5, a sa garin wake da daddawa da kifi a miyar kuka ta yi jiki. 'Yan mata da suka fara al'ada su suka fi kowa buƙatar abin ƙara jini, makarantarsu ta fi cancantar wake da ganye kullum. Maganar ƙwayar ƙarin jini kuwa a bar wa ma'aikatan lafiya, musamman da yake akwai masu sikila da bai kamata a ba su ba sai da izinin likita. Sannan a sa ido kan siniyoyi a dainin, kowa ya san yadda ake yi da naman juniya.

Tsafta ba sai na ja ba, amma abinci mai kyau da ya sa yara gudawa gara ba a ba su ba. Buta da sabulu a ƙofar kowane aji, a zuba wa yaro ruwa ya wanke, ba kowa ya tsoma hannu a roba ɗaya ba. Abin da aka dafa kar ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, shinkafa musamman, a zuba a kula mai murfi a kawo da zafinsa, kar a ƙulla mai zafi a leda. Mai girkin da ke gudawa ko amai ko take da ƙurji a hannu ta huta, a kuma biya ta ranar, in ba haka ba ɓoyewa za ta yi. Da damina lokacin kwalara a ƙara kula da ruwan sha. Sai tsutsar ciki, yaron da ke da ita ba duk abin da ya ci ne nasa ba, don haka hedimasta ya haɗa kai da asibitin sha-ka-tafi na yankin a riƙa ba da maganin tsutsa sau ɗaya ko biyu a shekara yadda suka tsara, inda ake fama da tsargiya kuma maganinta sai an ci abinci ake sha, sai a daidaita ranar da lokacin tara.

Sayayya da sito

Ribar duk tana wajen saye. Wake da gero da waken suya da gyaɗa a saye su da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, kai tsaye daga manoman garin in zai yiwu, kafin 'yan sari su kwashe su kai kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano su dawo muku da shi da tsada da bazara. Makarantar da ke karɓar kuɗin abinci zango-zango ta yi dabara ta ware na hatsin shekara a zangon farko. Iyayen da ba su da kuɗi kuma a karɓi kwanon wake ko na gero a madadin, da kaka ba wanda zai gagara.

Ajiyar wake ita ce inda ake kashe mutane ba a sani ba. Kar a kuskura a zuba masa fiya-fiya ko wani maganin feshi don ƙwari, irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, to abin da Bature ya ƙi ci ne za mu ba ɗan shekara bakwai? Akwai buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki buhu a waje, in wake ya bushe sosai aka ɗaure kowane ninki tam iska ba ta shiga, ƙwarin da kansu suke mutuwa ba magani. Jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa ruf ma yana yi in an cika shi. A ɗora buhuna a kan katako kar su taɓa ƙasa ko bango, a toshe ramukan ɓera saboda zazzaɓin Lassa, a fara amfani da wanda ya riga shigowa.

Lambun makaranta yana da kyau amma kar a ɗora masa buri, ba zai ciyar da makaranta ba, miya kawai zai tallafa. Zogale ya fi komai sauƙi, ko reshe aka dasa yana kamawa, a jera shi a bakin katanga kusa da inda ruwan alwala ke gangarawa, a yi masa shinge don awakin unguwa. Kowane aji a ba shi layinsa.

Sa ido kuwa iyaye mata za a ba, su suka san girki, ba a yi musu wayo da ruwa a miya. Mata biyu daga SBMC ko ƙungiyar iyaye mata su riƙa zuwa bi da bi ba tare da an sanar ba, su ga awo kafin a ɗora, su ɗanɗana kafin a raba. Farkon zango da ƙarshensa a gayyato ma'aikacin lafiya ya auna nauyi da tsawon yaran a rubuta, wanda aka ga ya rame ko cikin fatar idonsa ya yi fari a tura shi asibiti. Su kuma masu girki a biya su a kan lokaci, matar da ta yi wata biyu tana cin bashin mai shago don ta dafa wa 'ya'yan wasu ba yadda za a yi ludayinta bai ƙanƙance ba, kuma ba ka da bakin yi mata faɗa. A ware mata ladanta daban da kuɗin cefane, a rubuce, don in aka cakuɗa su to daga kwanon yaro za ta cire.

In ɗan kwangila ne ke kawo kaya, a auna a gaban direba kafin a sauke, a buɗe buhu ɗaya biyu daga tsakiya a duba, a rubuta abin da aka gani a littafin sito, sitokifa da hedimasta da mutum ɗaya daga kwamiti su sa hannu, shi ma direban ya sa. In ya gaza kar a karɓa da "za a ciko", a rubuta adadin da ya iso kawai, a ɗauki hoton shafin a waya, kwafi ɗaya ya tafi ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a makon.